Na taka gadar Selma da ƙafata, amma layin ƙofar kotu ne ya tsaya min a rai

Tun da na dawo mutane ke ta tambayata wai ina labarin Amurka, kowa so yake yaji zancen dogayen gine-gine da manyan shaguna, to ni gaskiya sati biyun da nayi a Atlanta kwas ne ya kaini, daga otal sai ɗakin taro daga ɗakin taro sai otal, ba wani abun bada labari. Kwana biyu kacal na samu na kaina a ƙarshen Oktoban 2023, to su zan baku.

Yayana, ɗan wan babanmu, ya fi shekara goma a can. Ranar Juma'a da daddare yace min zaɓi ɗaya, ko in kaika kasuwa ka yiwa mutanen gida tsaraba ko in kaika Alabama. Nace Yaya me ake sayarwa a Alabama, yayi dariya yace ba komai, gada ce kawai zaka gani. Ni dama na san hoton gadar, wannan da ake nuna 'yan sanda suna jibgar baƙaƙen fata, kuma a raina abun da na ɗauka shine Martin Luther King ya ja mutane sun tsallaka gada, shugaban ƙasa yaji kunya ya saka hannu a doka, shikenan. Iya karatuna kenan kafin tafiyar.

Sallar asuba mukayi muka kama hanya. Muna shiga jihar Alabama sai naga agogon wayata ya koma baya da awa ɗaya, na zata wayar ce ta fara halinta, ashe su lokacinsu daban ne da na Atlanta. Kamar awa biyu da rabi muka isa Montgomery, bamu tsaya ba muka miƙi titin da suke kira 80 zuwa Selma. Dama da hagu gonakin auduga ne, lokacin cirarta ne ma, fari tas kamar kana wajen Funtuwa a shekarun da auduga take auduga, sai dai su inji ne ke cira. Yaya yace ƙasar wajen baƙa ce mai ƙarfi shi yasa aka tara bayi a nan fiye da sauran wurare, kuma har yau jikokinsu ne suka fi yawa a gundumomin.

Abun haushi a mota muka tsallake gadar ban ma lura ba, ina ta fama da caza. Sai da muka sauka cikin gari Yaya yace to ka wuce ta fa. Selma ƙaramin gari ne, mutanensa basu kai 20,000 ba, shaguna da yawa a rufe, gidaje da dama an rufe rufinsu da shuɗiyar leda sabida guguwar da ta ratsa garin a watan Janairun shekarar. Wallahi ban zata haka zan ganshi ba, garin da duk shekara manyan 'yan siyasa ke zuwa su ɗau hoto.

Na matsu mu koma gadar amma Yaya yace a'a, daga inda abun ya faro zamu faro, sai ya kaini ƙofar kotun gundumar Dallas. Gini ne kawai da matakala, ba wani abun kallo. A nan ofishin rajistar masu zaɓe yake a lokacin, kuma kwana biyu kacal a wata ake buɗe shi. Ka bar aikinka ka zo ka tsaya tun safe, ma'aikatan su makara, su tafi cin abinci su daɗe, su ɗau mutum ƙalilan su rufe. In Allah ya sa ka shiga sai a baka doguwar takarda, a karanto maka wani sashe na kundin tsarin mulki ace rubuta, a jero maka tambayoyin da lauya ma sai ya yi tunani, kuma mai rajistar shi kaɗai ke yanke ko ka ci ko ka faɗi. Ga kuɗin jefa ƙuri'a da sai ka biya, ga sai ka kawo wani mai rajista ya tsaya maka. Duk cikin dokokin nan babu inda aka rubuta baƙar fata kar yayi zaɓe, tunda gyaran kundin tsarin mulki na 15 da akayi a 1870 ya hana hakan, sai aka bi ta bayan gida. Shi yasa a farkon 1965 cikin baƙaƙe kusan 15,000 da shekarunsu suka kai a gundumar, wajen kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke da rajista.

Abun da ya ɗaure min kai shine ashe da can sunyi zaɓen. Bayan yaƙin basasa, a 1870, wani tsohon bawa ɗan garin Selma ɗin nan, Benjamin Turner, har majalisar tarayya aka zaɓeshi. Sai a 1901 jihar ta rubuta sabon kundi musamman don a tsame su, cikin shekara biyu baƙaƙe masu rajista sama da 180,000 suka koma 'yan dubbai da basu kai biyar ba. Wato ba wai ba a taɓa basu bane, basu akayi aka ƙwace, aka kuma riƙe shekara sittin da wani abu.

Ina tsaye a matakalar sai kunya ta kamani ni kaɗai. Na tuna ranar da naje karɓar katin zaɓena a gida, nayi kamar awa ɗaya da rabi a layi rana ta buɗe, nace kai wannan wahalar ta me, na hau mashin na tafi, ban koma ba. Ba wanda ya zageni ba wanda ya ɗaga min kulki. Su kuma a nan wata mata Annie Lee Cooper, don kawai ta shiga layin rajista a 1963 aka koreta daga aikinta na gidan kula da tsofaffi. Ta sake dawowa layin a Janairun 1965, shugaban 'yan sandan gundumar, Jim Clark, mai yawo da baji a ƙirji an rubuta har abada ba za a yarda ba a jiki, ya zungureta da sanda a wuya, ita kuwa ta juyo ta zabga masa naushi. Ba irin tarbiyyar da shugabannin gwagwarmayar ke koyarwa bace wannan, amma nifa ban ga laifinta ba. A satin da ya gabaci haka malaman makaranta sama da ɗari suka fito sanye da kayansu na mutunci suka zo matakalar nan, ƙarƙashin Frederick Reese, su da albashinsu ke hannun turawa, kuma ance fitowarsu ce ta cire wa sauran jama'ar gari tsoro, tunda in malam ya fito waye zai zauna.

Daga nan muka je cocin Brown, jan bulo mai hasumiya biyu a tsakiyar rukunin gidajen talakawa. Ana gyaransa bamu samu shiga ba. Wata dattijuwa na zaune a baranda a gidan da ke kallon cocin, Yaya ya gaisheta da ladabi irin nasu, ta tambayi daga ina, da taji Najeriya sai ta faɗaɗa murmushi tace mun sha hanya. Tace ita yarinya ce lokacin, abun da ta fi tunawa ba waƙoƙi bane ba jawabi ba, warin barkonon tsohuwa ne a jikin rigar mamanta, da yadda gidajen unguwar suka cika da baƙi suna kwana a ƙasa. Ban tambayi sunanta ba, naji nauyi.

A wajen nan Yaya ya fara min karatun da ya canja min lissafi. Yace kai ka ɗauka tafiyarsu ɗaya ce ko, to ba haka bane, rigima suke sosai a junansu kan yadda ake kawo sauyi. Ɓangaren King, ƙungiyar malaman coci ta SCLC, dabararsu ita ce a zaɓi gari mai mugun ɗan sanda, a fito cikin lumana, a bari ya nuna halinsa gaban kyamara, duk ƙasa ta gani, gwamnatin tarayya ta rasa yadda zatayi. Kuma ba haƙuri bane irin na rashin yadda za a yi, horo ake musu, James Lawson wanda ya zauna a Indiya ya nazarci salon Gandhi yana koya wa matasa yadda za a tofa maka yawu a mareka kar ka rama. Sai ɓangaren ɗalibai, SNCC, wanda wata dattijuwa Ella Baker ta taimaka aka kafa a 1960. Ita ra'ayinta mutane in sunyi ƙarfi basa buƙatar wani gagarumin shugaba, don haka yaranta ƙauye suke shiga su zauna, su ci abun da ake ci, su bi gida gida suna lallashin mutum ɗaya ɗaya ya je rajista. Bernard Lafayette ya kai wajen shekara biyu da fara wannan aikin a Selma kafin King ya iso, kuma kafinsa ma akwai 'yan gari irinsu Amelia Boynton da suka shafe shekaru suna yi. To ɗaliban suna jin haushi, suna ganin su sun yi noma wasu sun zo girbi da 'yan jarida, in an kwashe kyamara kuma su za a bari da 'yan gari a hannun Clark. Har tattakin ranar gadar ma ƙungiyar bata amince da shi a hukumance ba, shugabanta John Lewis a ƙashin kansa ya shiga.

Sai na uku, Malcolm X, Alhaji Malik kenan, wanda a 1964 yazo Najeriya har ɗalibai a Ibadan suka raɗa masa Omowale. A cocin nan yayi magana ranar 4 ga Fabrairu 1965 lokacin King na tsare a kurkukun garin, ya kuma nuna wa matar King cewa ba ya zo ya ɓata musu aiki bane, so yake turawa su gane in basu saurari mijinta ba to akwai irinsa a gefe. Kwana 17 bayan nan aka harbeshi a New York.

Sannan muka taka zuwa gadar. Sunan da ke rubuce a samanta har yau Edmund Pettus, janar ɗin sojojin kudu masu kare bauta kuma jigo a ƙungiyar Ku Klux Klan ta turawa masu yiwa baƙaƙe ta'addanci. Abun da hoto baya nuna maka shine gadar tudu ce, kana hawa bakaga komai a gabanka sai ƙarfe da sama, sai ka kai ƙololuwa sannan ɗaya ɓangaren zai bayyana. Na tsaya daidai wajen na leƙa ƙasa, kogin Alabama can nesa ruwan yayi duhu, iska na kaɗa ni, manyan motoci na wucewa gadar na ɗan rawa. A nan mutum kusan 600 suka iso ranar Lahadi 7 ga Maris 1965, bibbiyu a gefen titi, suka hango 'yan sandan jiha da mahaya dawakin Clark sun tare hanya. Ance Hosea Williams na ɓangaren King ya tambayi Lewis ko ya iya ruwa yace a'a. Lewis na goye da jaka, a ciki tuffa da lemo da buroshi da littafi biyu, shi a lissafinsa kurkuku za a kaisu. Aka basu minti biyu su watse, ba a ma bari ya cika ba aka afka musu da kulki da bulala da barkonon tsohuwa, aka fasa wa Lewis kai, aka bar Amelia Boynton a sume a kan titi.

Dalilin fitowar ma kisa ne. A garin Marion da ke kusa, daren 18 ga Fabrairu, ɗan sanda ya harbi wani matashi ɗan shekara 26, Jimmie Lee Jackson, yana ƙoƙarin kare mahaifiyarsa, ya rasu bayan kwana takwas. Wanda ya harbeshi sai 2010 ya amsa laifi, aka bashi wata shida. Amma da aka kashe James Reeb, farar fata malamin coci daga Boston, kwanaki kaɗan bayan gadar, shugaban ƙasa Johnson da kansa ya kira iyalinsa. Ɗaliban SNCC sun lura da wannan bambancin kuma basu manta ba.

Dabarar King dai ta ci, wannan ba musu. A daren ranar gadar aka katse shirye-shiryen talabijin aka nuna dukan, ranar 15 ga wata Johnson yaje gaban majalisa, ranar 21 aka sake fita da izinin kotu da rakiyar sojoji, kwana biyar mil 54 wato kamar kilomita 87, aka isa Montgomery mutum wajen 25,000. Ranar 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe, aka dakatar da gwajin karatun, aka turo ma'aikatan tarayya suyi rajista. A 1966 sabbin masu ƙuri'a suka tsige Clark daga kujerarsa. Magajin garin lokacin kuwa, Joe Smitherman, sai da ya kai shekarar 2000 kafin James Perkins ya kada shi ya zama baƙi na farko a kujerar, ku lissafa da kanku.

Mun ci abinci a wani ƙaramin gidan abinci, soyayyen tarwaɗa da wake da soyayyar kuɓewa, da wani burodin masara. Naso in ci ganyensu mai kama da kwaɗo Yaya ya riƙe min hannu yace da naman alade ake dafawa, Allah ya kiyaye. Shayinsu kuma mai sanyi ne da ƙanƙara, sukari kamar an yi ɓari.

A hanyar komawa muka tsaya a gundumar Lowndes, kuma in don ta nine nan ya kamata a riƙa kai mutane. Akwai ɗan gidan tarihi a bakin titi, an kafa shi inda aka taɓa yin sansanin tanti. Gundumar kashi 80 cikin ɗari baƙaƙe ne amma a farkon 1965 ko mutum ɗaya a cikinsu bashi da rajista, ko ɗaya. A kan titin nan 'yan Klan suka harbe Viola Liuzzo, farar fata uwar 'ya'ya biyar daga Detroit, a daren da aka gama tattakin, tana jigilar mutane a motarta. Da doka ta fito mutane suka yi rajista sai masu gonaki suka kore su daga gidajen da suke zaune, iyalai suka koma tanti, wasu kusan shekara biyu, har haihuwa anyi a ciki. Wannan ba kyamarar da ta ɗauka.

Stokely Carmichael da abokansa na SNCC a nan suka maƙale bayan kowa ya watse. Su da wani ɗan gari John Hulett suka ce to an bamu ƙuri'a, wa zamu zaɓa, tunda jam'iyyar Dimokurat ta jihar tambarinta farin zakara ne da taken fifikon farar fata rubuce a kai. Sai suka kafa tasu jam'iyyar ta gunduma, da yake da yawa basu iya karatu ba aka nemi alama, aka ɗauko baƙar damisa. Nayi dariya a gaban hoton nace Yaya ai wannan namu ne, tauraron NEPU da fartanyar NPC. Daga nan ne 'yan ƙungiyar Black Panther ta garin Oakland suka aro damisar ta zama abun da duniya ta sani. Zaɓen farko a 1966 duk kujerun sun faɗi, basu fasa ba, 1970 Hulett ya zama shugaban 'yan sandan gundumar, a wajen da shekara biyar baya ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Ni dai in aka tambayeni tsakanin masu gada da masu bi gida gida, zuciyata tana wajen na biyun, duk da na san ba don dukan da aka sha a gadar ba da ma'aikatan tarayya basu zo Lowndes ba. Yaya yace ina son raba hanta da jini ne kawai. Ƙila da gaskiyarsa.

Shi ya kuma faɗa min zancen bai ƙare ba. Wata gunduma a Alabamar nan, Shelby, ta kai ƙara, a 2013 kotun ƙoli da alƙalai biyar kan huɗu ta rushe sashen da ke tantance jihohin da dole sai sun nemi izinin tarayya kafin su taɓa dokar zaɓensu. Tun daga nan rigimar ta koma kan katin shaida da rufe rumfuna da yadda ake yanka mazaɓu. A watan Yunin shekarar da naje ma kotun ta ce taswirar mazaɓun Alabama ta tauye baƙaƙe a sake. Shi kansa Yaya bai daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa ba, ya ciro min katin rajistarsa daga walat yana wani ji da kai, yace kai ina naka. Nace Yaya duba hanya.

Montgomery muka kwana. Da safe muka taka titin Dexter daga wajen famfon ruwan da a da ake cinikin bayi, nan kusa Rosa Parks ta hau bas ɗin nan a 1955, muka wuce cocin da King yayi limanci, muka kai matakalar majalisar jiha inda akwai tauraro a ƙasa daidai inda aka rantsar da Jefferson Davis shugaban 'yan awaren kudu a 1861. Duk a titi ɗaya, tafiyar da bata fi minti goma sha biyar ba. Munje kuma wajen tunawa da waɗanda gungun mutane suka kashe ba shari'a, ginshiƙan ƙarfe sama da 800 a rataye, kowanne gunduma ɗaya da sunayen mutanenta. Wannan bazan iya bada labarinsa ba yanzu, ko hoto ban ɗauka ba.

Da muka fito na zauna a mota na kira Hajiyarmu, su lokacin la'asar ta wuce. Tun a Lowndes abun ke cina, na tuna matan arewa ma ai sai 1976 aka basu damar zaɓe, bayan na kudu sun daɗe suna yi, bayan su Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kai, kuma ni ban taɓa tambayar uwar da ta haifeni ba. Nace Hajiya yaushe kika fara zaɓe. Tace lokacin su Malam Aminu mana, 1979, tana goye da yayarmu, ita da Inna suka tafi tun da sassafe, Inna ta ɗaure katinta a bakin zani kamar kuɗi tana ta maimaita ɗan mukulli ɗan mukulli don kar ta manta, suka kai har azahar a layi. Nace baku gaji ba, tace gajiyar me, ai ranar kamar sallah. Sai tace wai lafiya kake min wannan tambayar daga Amurka, ka dai sayo min man zafin gwiwar da nace ko?

Ban sayo ba. Sai da Yaya ya tsaya a wani kemis a bakin hanya kafin mu shiga Georgia, agogon wayar ya ƙwace awar da ya bamu.